Karan Dawa a Salansar Abbas

Litinin, 5 ga Mayu, da hantsi

Abbas ya cire wa motarsa tukunyar salansa. Ba shi ya faɗa mini ba, kunnena ne ya faɗa mini. Ina shago ina jera tayoyi na ji wata ƙara ta taho daga wajen Bolewa kamar ana yaga kwanon rufi, kafin in ɗaga kai sai ga tsohuwar Golf ɗinsa ta wuce, yana ɗaga mini hannu, baki har kunne. Ƙanena ke nan. Duk abin da ya yi sai ya ɗaga hannu a tafa masa.

Ranar Lahadi akwai tsere, kuma ni ne mai duba motocin ƙungiyarmu. Shi ya samo mini wannan muƙami bara, ranar da na kasa shan kwanar farko na faɗa gonar mutane. A gaban jama'a ya ce, "Yaya ya fi iya duba mota a kan tuƙa ta, a ba shi dubawa." Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Ni ma na yi, amma ban manta ba.

Talata, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Na je garejin Chollom, mai waldar da ya yi masa aikin. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin motar. Inda tukunya take dā, yanzu wani kumburarren ƙarfe ne suke ce wa tulu, cikinsa fayau. Tukunyar gaskiya tana da bango-bango da 'yan huji a ciki, su ke shanye ƙara. Tulu ba ya shanye komai. Hayaki yake ba wa fili ya baje, in ji su mota ta samu numfashi ta ƙara ja, in kuma direba ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi ta tau! tau! kamar harbi.

Chollom ya ce, "Oga Sharfa, tulu ma salansa ne ai. Yana rage ƙara kaɗan. Doka ya ce salansa, bai ce wane iri ba."

Na ce masa doka ba ta bakin mai walda take fitowa ba. Alhaji Mala da ya ba mu filinsa na bayan Yindiski sharaɗi ɗaya ya kafa mana: kowace mota da salansa, don garin nan ya ji ƙarar bindiga da bam da ta ishe shi a shekarun baya, har yau in taya ta fashe mata sai sun kwashi 'ya'yansu. Kuma hanyar gwajinmu kowa ya sani. Karan dawa nake zurawa ta bakin bututu. In akwai tukunya, zai ci karo da bango ya tsaya. In tulu ne, sai ya shige gaba ɗaya.

Chollom ya tambaye ni ko ya mayar da tukunyar. Na ce ya bari, sai Lahadi ma gani.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan azahar

Na kai wa Umma maganin hawan jini a Hausari. Ta karɓa ta ajiye ko duba kwalin ba ta yi ba. Zancenta duk na Abbas ne. Abbas ya rame, Abbas ba ya cin abinci a kan lokaci, Fiddausi matarsa ba ta iya yi masa miyar kuka yadda yake so ba. Da zan tafi ta ce, "Sharfaddeen, ka kula da ɗan'uwanka ranar Lahadin nan, kada ka tsananta masa da dokokinka."

Na ce zan kula da shi.

Asabar, 10 ga Mayu, da safe

Na zaro kara biyu daga dangar maƙwabta. Ɗaya dogo, irin wanda nake gwaji da shi kullum. Ɗaya na karya shi, in na damƙe rabinsa a hannu ba zai kai ko bakin tulun ba.

Ga yadda zan yi. Gobe da gajeren zan gwada motar Abbas, in ce karan ya tsaya. Ya shiga, ya yi gudunsa, ya ci, don ci zai yi, ba na musun wannan. Sai samari sun ɗaga shi sama suna Abbas! Abbas!, sai Alhaji ya miƙe zai miƙa masa kofi, sannan in fito da dogon in ce a ba ni hanya, akwai ƙorafi. In zura shi a gaban kowa ya shige har ƙarshe. Ina so in ga inda zai kai wannan hannun nasa da ba ya gajiya da ɗagawa.

Rabona da in ji daɗi haka har na manta.

Lahadi, 11 ga Mayu, da azahar

A ƙofar gidan Alhaji nake gwaji, mota ɗaya bayan ɗaya, wanda ya wuce ya tafi fili. Abbas ya zo ƙarshe kamar kullum, kowa ya riga ya tafi, daga ni sai shi. Na durƙusa da gajeren. Na zura, na ɗan taɓa, na ce ya tsaya.

Ya kalli karan, ya kalle ni. Ya gani sarai. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya, na san ba za ka ba ni kunya ba." Sakarai.

Dogon yana cikin but ɗin motata.

Lahadi, bayan magariba

Ba a gama tseren ba.

Ba ni ne a kan sitiyari ba.

Litinin, 12 ga Mayu, da hantsi

Ban buɗe shago ba. Zafi ne.

Wa ya ce su bi ta nan da shanu? Burtali yana can gabas, kowa ya sani, su suka ga dama suka yanke ta gefen filin don su isa kasuwar shanu da wuri. Kuma tsoho kamar wannan me ya kai shi gaban garke? Baya ake tsayawa. Ko ni da ban taɓa kiwon akuya ba na san baya ake tsayawa.

Wajen shan kwana ta uku ne Abbas ya ɗaga ƙafa daga totur. Sau huɗu ko biyar ta yi tau! Ni ma da na san abin da ke ƙarƙashin motar sai da na sunkuya. Mata masu sayar da ruwa suka watsar da bokitai suka runtuma. Daga nan sai ƙura da ƙahonni. Abin da na gani ke nan, ƙura da ƙahonni.

Joda ne sunan tsohon da shanun suka firgita suka tattake, in ji su.

Talata, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Yana asibiti. Ƙugu da haƙarƙari. Yana magana jefi-jefi.

Abbas tun ranar yake can a bakin ɗakin, da rigar tseren a jikinsa. Shi ya ɗauke shi a motar ma, wai har jini ya ɓata masa kujera. 'Ya'yan tsohon ba sa amsa gaisuwarsa, shi kuma ya ƙi tafiya. Ko a nan sai ya nemi a gan shi. Mutane har sun fara cewa yaron kirki ne, tsautsayi ne. Da ni ne da tuni an ce dama Sharfaddeen baƙin hali gare shi.

Laraba, 14 ga Mayu, da safe

Na ƙona karan biyu a murhun mai shayi. Ya ce na kyauta, dama itace ya yi masa tsada.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan sallah

Alhaji Mala ya kira ni bayan an sauko. A cikin motarsa muka yi magana, gilas a rufe. Ya ce 'yan sanda sun zo masa, dangin tsohon ma sun turo manyansu, kuma tambayar kowa ɗaya ce: ƙungiya ce ta yarda motar nan ta shiga fili da wannan abu, ko yaron ne ya yi gaban kansa?

Ya ce, "Sharfaddeen, in ƙungiya ce, fili ya rufu har abada, kuma ni da kai za mu amsa, kai ma kafin ni, tunda kai ne mai kara. In shi ne, to shi ne. Ranar Alhamis za mu zauna da kowa. Ka tuna da kyau abin da ya faru a ƙofar gidana."

Na ce ina tunawa.

Ya ce shi dai bai san tulu ba, bai san tukunya ba, abin da ya sani ya ce a sa salansa. Kowa yanzu bai san komai ba. Waɗanda suka yi ta zagaye motar suna shafa ta, suna tambayar Chollom yaushe zai yi musu irinta, yau duk sun zama malaman doka.

Asabar, 17 ga Mayu, da hantsi

Ba ni ne a kan sitiyari ba. Ba ni na yi walda ba. Ba ni na koro shanu ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Chollom ya zo shago daga coci, da farar rigarsa. Ya tsaya yana murza hula. Ya ce shi bai yi barci ba tun ranar, ya ce ya tuna ya tambaye ni ko ya mayar da tukunya na ce ya bari, kuma in an tambaye shi ranar Alhamis ba zai iya ƙarya ba.

Na jawo masa benci. Na yi masa magana a hankali, yadda ake yi wa mara lafiya. Na ce ya tuna hannun wa ya yanke tukunyar, hannun wa ya kumbura ƙarfen. Na ce 'ya'yan tsohon nan har yanzu ba su san sunan mai walda ba, kuma garejinsa ba ƙofa gare shi ba, katanga ma babu. Na ce mutum baƙo ya kamata ya san inda zai sa bakinsa.

Ya ce, "Oga Sharfa, a nan garin aka haife ni. Ni da Abbas makaranta ɗaya muka yi."

Na ce to ya yi ta faɗa wa mutane haka ranar da suka zo da sanduna.

Ya tashi ya tafi, ko sallama babu. Har ya manta hularsa a kan benci. Na jefa ta bayan tayoyi. Ba zai zo ranar Alhamis ba, na ga idonsa.

Talata, 20 ga Mayu, da azahar

Joda ya rasu, an kai shi da hantsi. Ban je ba, ban san su ba.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan magariba

Fiddausi ta zo gidana, da goyo, ido duk ya kumbura. Ta durƙusa tun daga bakin ƙofa. Ta ce, "Yaya Sharfaddeen, shi ya ce mini kai ka gwada ka ce ya wuce. Don Allah gobe ka faɗa musu haka. In ƙungiya ce za a raba nauyin, in shi kaɗai ne sun ce sai kotu."

Na tambaye ta ko tana wurin. Ta ce a'a. Na tambaye ta ko ta san bambancin tulu da tukunya, ban da na ɗakin girkinta. Na ce to ta koma ta koyi miyar kuka, Umma na ƙorafi.

Ta daɗe tana kallona. Yarinyar da ke bayanta ta miƙo mini hannu, ita ba ruwanta, ta saba in ɗauke ta. Ban ɗauke ta ba. Hannuna da maiƙo.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

An zauna a rumfar Alhaji. 'Yan ƙungiya duka, manyan dangin mamacin su uku, da jami'i ɗaya yana saurare. Chollom bai zo ba.

Aka fara da gardamar banza. Wani ya ce tulu salansa ne tunda a layin salansa yake. Wani ya ce in haka ne bokiti ma rijiya ne. Aka yi ta ja har Alhaji ya buga sanda ya ce mai kara ya yi magana.

Na tashi. Muryata ko rawa ba ta yi ba, ni kaina na yi mamaki. Na ce salansa ita ce abin da ke tare kara, abin da bai tare kara ba bututu ne kawai ko da an kumbura shi ya kai randa. Na ce na zura, ya shige har ƙarshe. Na ce na gaya masa ba zai shiga ba, ya yi dariya ya ja mota, kafin in iso fili an riga an ɗaga tuta.

Aka juya wajen Abbas. Yana zaune a ƙasa, ya zabge, gemu ya cika masa fuska. Na shirya masa tsaf. Na san zai yi tsalle ya rantse, na tanadi amsar kowace rantsuwa, har da ta cewa wa zai yarda da wanda ya kashe mutum.

Ya ɗago ya kalle ni. Sai ya ce, "Yadda Yaya ya faɗa, haka ne."

Shi ke nan. 'Yan ƙungiya suka sauke ajiyar zuciya kusan tare, har kunya ta kama ni a madadinsu. Aka cire sunansa daga ƙungiya nan take. Jami'in ya ce ya tashi su tafi. Ya tashi, bai ɗaga wa kowa hannu ba.

Abin da na so gani ke nan tun bara. Na gani.

Juma'a, 23 ga Mayu, da safe

Me ya sa bai musa ba?

Asabar, 24 ga Mayu, da hantsi

Salo ne. Na san shi tun yana rarrafe. So yake in ji kunya in je da ƙafata in faɗa, a ce kai, Abbas ya rufa wa yayansa asiri, a sake tafa masa. To ya yi ta jira.

Alhaji ya aiko mini da buhun shinkafa, wai a gaida iyali. An ce fili zai buɗe bayan damina, kuma daga yanzu duk motar da za a gwada sai a gaban shaidu biyu. Ni aka bar wa karan.

Garejin Chollom a rufe. Wai ya kai matarsa da yara wurin danginsu. Ban tambaya ba, faɗa mini aka yi.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan azahar

An kai Abbas kotu, an ɗage, an ce a ci gaba da tsare shi. Umma ta matsa sai na kai masa abinci, ita ƙafarta ta kumbura. Na kai.

Minti kaɗan aka ba mu. Ya karɓi kwanon ya ajiye. Ya tambayi Umma, ya tambayi yarinyarsa. Na ce kowa lafiya. Na ce masa in yana da abin faɗa ya faɗa, kada ya tsaya yi mini kallon waliyyai.

Ya ce, "Babu komai, Yaya. Ni na tuƙa. Tsohon nan a hannuna ya yi ta kiran sunan shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ko an raba laifin gida goma ba zan daina jin sa ba. Kuma Umma ba za ta iya da mu biyu a nan ba."

Na ce ya gama?

Ya ce, "Abu ɗaya ne ke damuna. Ranar da na ga guntun karan nan a hannunka, wallahi na ɗauka so ne. Har na faɗa wa Fiddausi, na ce Yaya ya huce. Da gangan ka yi, ko?"

Na ce lokaci ya ƙare, ana kirana. Ba wanda ya kira ni.

Talata, 27 ga Mayu

Ban fita ba.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan la'asar

An yi yayyafin farko. Wata babbar mota ta yi tau! a bakin titi, na tsinci kaina a durƙushe bayan tayoyi, mai shayi yana mini dariya. Na ce masa goro na yar.

Fiddausi ta kwashe kayanta ta koma gidansu har a ga yadda shari'a za ta kaya. Ta wuce ta gaban shagona a keke mai ƙafa uku, ta juya fuskar yarinyar zuwa ɗaya gefen. Ita ta sani. Ta faɗa wa duk wanda ta ga dama, mijinta da bakinsa ya ƙaryata ta a gaban hukuma.

Ba ni ne a kan sitiyari ba. Na gaji da rubuta wannan.

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan azahar

Umma ta sa an kai ta wurin Abbas jiya, ba ta faɗa mini ba. Yau ta aiko in zo. Duk hanya ina cewa shi ke nan, a gaban uwa ba ya iya riƙe magana, bai taɓa iyawa ba.

Na same ta a tabarma, ta sa an yi tuwo da miyar kuɓewa, wadda nake so. Ban san ta san wadda nake so ba. Ta ce in matso. Na matso. Ta kama hannuna da nata biyu, rabon da ta yi haka tun ina firamare.

Ta ce, "Ya faɗa mini komai. Ya ce ka hana shi, ka yi ta hana shi, shi ne ya ƙi ji. Ni ce na ce maka kada ka tsananta masa. Ni na ɓata shi, tun yana ƙarami duk abin da ya yi sai in ce kai ne. Ka yafe mini, Sharfaddeen."

Tana kuka. Na ce ba komai, Umma.

Ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Kai kaɗai ka rage mini a waje. Kai ne ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka yadda ka yi wa ɗan'uwanka."

Ta tsaya tana jira.

Na ce amin.